Kujerar Tsakiya a Familiyal

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina jan familiyal tsakanin Tasawa da kasuwannin ƙasar Mayahi, kuma ba zan yi ƙarya don a ce ina da tawali'u ba: a zamanina, in ana lissafin direbobin da suka san rairayi, ba a kaiwa na uku ba a ambace ni ba. Wanda ya ce cika baki ne, ya je ya tambayi mutanen da na ɗauka, da yawansu suna nan da ransu. Yaran yanzu masu kabu-kabu da ƙananan bas ba su ma san motar da nake nufi ba. Na taɓa ce wa wani familiyal, ya tambaye ni ko maganin tari ne.

Mota ce doguwa mai ƙofa biyar, kujera layi uku. In babu kaya bayanta a ɗage yake, sai an loda ta take zama daidai ta kama hanya. Waɗanda suka ƙera ta mutum bakwai suka yi wa wuri. Mu tara muke sawa, ban da direba, ban da ƴaƴan goye, ban da kaji. A bisa kuma akwai karagar ƙarfe inda buhun hatsi yake hawa, da tabarmi, da ƙore, wani lokaci da ɗan akuya a ɗaure yana ta kai ƙararmu ga duk garin da muka ratsa. Tawa fara ce da farko. Daga baya ƙofar direba ta zama shuɗiya, don daga jikin wata na ciro ta, kuma ba ta buɗuwa sai daga waje. In na tsaya, sai in zura hannu ta taga in buɗe wa kaina. Injinta kuwa ban yarda wani ya taɓa shi ba sai ina tsaye a kansa. Daga kukanta da safe nake sanin ko yau za mu shirya ko za mu yi faɗa.

Sunanta ma bai taɓa zama ɗaya ba. Mu familiyal muke cewa. Ƴan boko, in suna son a san sun zauna aji, su ce birek. Direbobin Katsina da muke haɗuwa da su a Maraɗi wajen sayen kayan gyara kuwa wagon suke cewa, su bi mu da dariya wai mun ba mota sunan mace. Duk shekarun da na yi a kanta ban taɓa tambayar inda sunayen suka samo asali ba, mai neman fasinja ba ya da wannan lokacin. Sai bayan na ajiye tuƙi, ƴata da ke koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa ta zo hutu, ta same ni ina gardamar da maƙwabcina, ta zauna ta warware mana. Familiyal, in ji ta, motar iyali ke nan: Bature da matarsa da ƴaƴansa su shiga su tafi shan iska. Birek sunan wani keken doki ne da ake ɗaura wa sabbin dawaki don a hore su. Wagon kuwa guntun suna ne, cikakkensa yana nufin keken tashar jirgin ƙasa. Tun kafin a yi mota akwai keken doki mai jikin katako da ke jira a bakin tasha, in jirgi ya sauke baƙi ya kwashe su da akwatunansu zuwa masauki. Da inji ya zo aka sallami dokin, aka bar sunan.

Na yi dariya har da tari. Tasawa da ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, ashe keken tasharsa na yi rabin rayuwata ina ja. Amma da na juya maganar a raina sai na ga sunan Katsinawan ya fi gaskiya, ko da yake ban faɗa musu ba, kuma ba zan faɗa ba. Aikin ɗaya ne. Babbar mota ta sauke mutum a bakin kwalta ta yi gaba, ni in kwashe shi da kayansa in kai shi can inda sai mai gari ya san hanya. Wanda ban yarda da shi ba shi ne namu. Duk wanda ya sa mata motar iyali ya ɗauka iyali shiga kawai suke yi su zauna, uwa kusa da ɗa, suruki kusa da suruka, kowa inda ya ga dama. Wannan mutumin bai taɓa yin lodi a tashar Mayahi ba.

Tuƙi, kowa ya samu mai koya masa zai iya. Lodi shi ne aikin, kuma ban taɓa barin ɗan kamasho ya yi mani shi ba. Mutum tara a wurin mutum bakwai, cinya na gugar cinya, tafiyar awa biyu ko uku cikin zafi: in ka zaunar da su ba daidai ba, ka ja wa wani abin gori har ya tsufa. Gidan gaba na malami ne, ko mushen lakwal, wato malamin boko, ko tsoho mai ciwon gwiwa. Gidan baya rufinsa ya yi ƙasa, na gajeru ne da masu haƙuri. Ba a haɗa namiji da matar wani kafaɗa da kafaɗa in akwai tsohuwar da za a sa tsakani. Ba a haɗa manomi da makiyayin da shanunsa suka shiga gonarsa bara. Kuma ba wanda zai zo ya gaya maka, tsayuwarsu za ka karanta. Mutum biyu sun zo tare amma kowa ya ba ɗan'uwansa baya, to akwai abu, ko gaba ko kunya. Mai gaba yana satar kallo ta wutsiyar ido. Mai kunya ƙasa yake kallo.

Akwai wani abokin aikina da ya taɓa zaunar da ango kusa da uwar matarsa, wai ai ya ga gida ɗaya suka fito. Bawan Allah ya fitar da kansa ta taga tun daga Mayahi, bai mayar da shi ciki ba sai Tasawa. Ya sauka wuya a karkace, rassan ƙaya sun yi masa zane a kunci. Har direban nan ya bar tasha, in ya zo wucewa sai mu karkace wuya mu gaishe shi. Ni ban taɓa yin irin wannan shirme ba. Sau ɗaya na karya dokar lodi, da gangan kuma, ido buɗe, shi ne abin da na zauna in rubuta.

Ranar kasuwar Issawane ce, ƙarshen bazara, lokacin da rijiyoyi suka yi ƙasa, shanu suka rame, kowa yana duban gabas ko zai ga hadari. Rana ta take tsaka. Na gama lodi, na ɗaure kaya, na rage wa tayoyi iska saboda rairayi. Wuri ɗaya ya rage a gidan gaba, kusa da wani mushe, na ajiye wa wani da zan ɗauka a hanya. Ina shirin tayarwa sai ga amalanke ya nufo mu, wani dogon dattijon Bafillace yana jan jakin. A kan amalanken an shimfiɗe mutum mai kamar shekara talatin, an rufe shi da zane zuwa ƙirji, leɓɓansa sun bushe. Bayansu da ɗan nisa wata tsohuwa ƴar siririya tana biye, da ƙwarya naɗe cikin tsumma a kanta.

Dattijon ya yi sallama. "Direba, Tasawa za ka?"

"Tasawa za ni, Baffa, amma na cika. Mi ya same shi?"

"Rijiya. Shina ban ruwa da sahe, sa na jan guga, igiya ta naɗe mai ƙahwa. Ta ja shi ta buga da itacen bakin rijiya, nan ga ƙirji. Mun kai shi ga majo na nan, ya duba, ya ce wanga sai Tasawa, kada mu kwana."

Majo shi ne babba a ƙaramin asibitin garin, in ya ce kada a kwana, ba a kwana. Na duba mutumin. Babu jini a waje, ƙurjewa ce kaɗan, amma numfashinsa gajere ne, kuma in ya yi tari sai ya runtse ido ya daɗe bai buɗe ba. Na ɗauki marasa lafiya da yawa, na san wanda ciwonsa ke ciki. Na buɗe ƙofar tsakiya na ce wa mutum huɗun da ke zaune su sauka, akwai babbar motar hatsi da za ta tashi da la'asar. Uku suka sauka ba musu. Na huɗun, wani mai sayen fata, ya ce shi ya riga kowa zuwa. Na ce masa in bai sauka da ƙafarsa ba zai sauka da tawa. Ya sauka yana cewa zai kai ƙarata, na ce ya gaishe su.

Muna ɗaga mara lafiyar daga amalanke, ni da dattijon da wasu mutum biyu, na lura tsohuwar ba ta matso ba. Ta tsaya wajen kan jakin, ta ba mu gefe, idonta a ƙasa. Ko kallon wurin ba ta yi. Amma ba takalmi a ƙafarta, kuma duk sanda ya yi tari sai in ga yatsun ƙafarta sun nutse cikin rairayi.

Na ja dattijon gefe. "Baffa, waccan hwa?"

"Matar wana ce, marigayi. Ita ta haihe shi." Ya rage murya. "Na hwari ne. Sa ta baya cikin mata, ni in riƙe shi."

Ba sai ya ƙara ba. Mu ma Hausawa muna da kunyar ɗan fari, amma Fulanin daji sun fi mu riƙe ta. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Da an yaye shi kaka ta ɗauke. In ya yi abin kirki ta yi kamar ba ta ji ba, in ya kwanta ciwo ta aiki wata ta dubo mata. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Abin da dattijon ya faɗa shi ne daidai, kuma da wani direba ne ya zo neman shawarata, haka zan ce masa ya yi.

Sai dai ni ma ɗan fari ne. Uwata, har ta koma ga Allah, "wancan" take ce da ni. Ranar da na fara kawo mota ƙofar gidanmu duk unguwa ta fito, ita tana bayan darni tana tankaɗe kamar ba ta ji ƙugin inji ba. Daga baya ƙanwata ta gaya mani tankaɗen banza ne, idonta yana kafar darni har na tafi. Ina kan hanya da lodi ta rasu. Tun da na yi wayo ban san nauyin hannunta a kaina ba. Ba zagin al'ada nake ba, da ita aka raine ni kuma na fito mutum. Amma na dubi wanda ke kwance, na dubi hanyar da ke gabanmu, na san a raina ba lallai ne ya ga Tasawa ba. In na sa tsohuwar nan a baya, bayan kujera za ta yi ta kallo har a gama. Ita ba za ta roƙa ba ko za a yanka ta. Dattijon ba zai ce mata zo ba. Mutum ɗaya ne a wurin yake da ikon sa ta zama kusa da ɗanta ba tare da an ga laifinta ba, shi ne mai mota.

Na zagaya baya, na durƙusa, na leƙa ƙarƙashi, na ƙwanƙwasa ƙarfe. Na miƙe ina tsaki.

"Baffa, ba ta yiwuwa. Risor na wanga gehe ya tsage, ƙarhen da ke ɗauke da nauyin mota. Kai dogo ne, ƙashinka da nauyi. In ka zamna nan, ga shi kwance, ba mu kaiwa gulbi sai shi karye mu kwan daji. Kuma ta burtali za ni bi, kai ka san shi. Gaba za ka zamna ka nuna mani."

Risor ɗina lafiyarsa lau. Bai fi mako biyu ba da na sa sabo da hannuna.

"To wa za shi riƙe shi?" in ji dattijon.

Na bi mutane da kallo ɗaya-ɗaya kamar mai auna su. "Wanda ya hi kowa rashin nauyi. Inna, taho ki shiga nan."

Ba ta ɗago ba. Ta ce wa dattijon wani abu gajere da Fillanci. Ya ce, "Ta ce a sa wata."

A gidan baya akwai wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa, tsohuwar fasinjata, mace mai jiki wadda ita kaɗai wurin mutum biyu take ci, kullum muna faɗa a kan jarkokinta. Kusa da ita wata mai goyo ce. Hajiyar ce ta fara gane inda na dosa. Ta leƙo ta taga ta ce, "Wace wata? Ni? In na zamna nan ai kwantawa motar za ta yi. Wagga kuma goyo gare ta. Baiwar Allah, wanga direba ba shi da mutunci, ni ma ya taɓa sauke ni tsakiyar daji kan ƙarhen nan. Shiga ki ƙyale shi, kada ki sa mu kwana nan."

Ban taɓa sauke ta ko'ina ba. Wa zai iya?

Tsohuwar ba ta motsa ba. Sai na yi abin da na fi iyawa, na tayar da rigima. Na zare makulli na jefa aljihu, na ɗaga murya yadda ƴan kasuwa za su ji: motata ce, ni ke lodi, ba a taɓa gaya mani inda zan sa mutum ba kuma ba yau za a fara ba. In ba ta shiga inda na ce ba, a sauke mara lafiya a mayar da shi kan amalanke, jaki ya kai shi Tasawa. Mutane suka taru. Wani ya ce in ji tsoron Allah. Mushen da ke gaba ya fara yi mani Faransanci, na ce ya adana shi sai ya koma aji. Ina ihu, amma in ta kafe ban san yadda zan janye maganar ba, kuma duk lokacin da nake ɓatawa daga cikin na mutumin nan nake ɗiba. Tsoro nake ji, na gaske.

Dattijon ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Makiyayi ne, bai san risor ba, amma ya san mutum. Sai ya juya wa tsohuwar baya, ya ce da Hausa, da ƙarfi, don jama'a su ji: "Shiga. Dole ce anka yi maki. Kowa ya gani."

Ta sauke ƙwaryar ta miƙa wa Hajiya. Ta ce, ita ma da Hausa, "Allah ya isa tsakanina da wanga direba." Na ce na ji, na ɗauka. Ta shiga ta zauna a ƙarshen kujera, jikin ƙofa. Muka ɗora kansa a cinyarta, muka lanƙwasa ƙafafunsa don ɗaya ƙofar ta rufu. Wanda na ajiye wa wurin gaba kuwa, ina jin har yau yana bakin hanya yana jirana.

Hanyar a lokacin sawu biyu ne kawai cikin rairayi, inda ya yi zurfi kowane direba ya buɗe nasa ta gefen gonaki ko ta burtalin shanu. Rairayi ba ya son mai shakka. Ka sa giyar mota a lamba biyu tun daga ƙasan tudu, kada ka ɗaga ƙafa, kada ka canza a tsakiya, kada kuma ka saurari fasinja. Sitiyari sakinsa ake yi kaɗan, a bar tayoyi su nemi sawu da kansu. Na duba madubi. Tana zaune a sandare, fuskarta a waje, hannayenta biyu a sama kamar wadda aka ɗora wa tukunya mai zafi a cinya. Muka faɗa wani rami, kansa ya yi tsalle, hannu ɗaya ya sauko ya tare. Ba ta mayar da shi sama ba.

Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, ido a rufe. Da Fillanci ya yi, amma ina tsintar na kasuwa, wannan kam na gane: tambaya yake wa ke riƙe da shi. Ita ba ta amsa ba. Hajiya ce daga baya ta ce, "Innarka ce, ɗan nan. Direba ya tilasta mata." Ya juya fuskarsa a hankali zuwa cikinta, duk da juyawar ciwo take masa, na gani a goshinsa. Ita kuma ta jawo bakin mayafinta ta rufe kansa har da hannunta. A nan na kai hannu na murɗa madubin ya kalli rufi, ban sake gyara shi ba ranar.

Dattijon yana matse tsakanina da mushe, yana nuna mani da hannu hanyar da na fi shi sani. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Sai da muka yi nisa ya ce, yana kallon gaba, "Ƙarhen naka shina riƙewa dai."

Na ce yana riƙewa.

Ya ce, "Allah shi ƙara mai ƙarhi."

A gulbi muka kafe. Busasshen kwari ne, babu ɗigon ruwa a bazara, sai rairayi mai laushi da kaba, kuma na yi watanni ban kafe a wurin ba. Wata babbar mota ce ta riga mu ta tone sawun. Kowa ya fita, har Hajiya, ta ɗaure zane ta sa kafaɗa tana turawa tana zagina. Tsohuwar ta kama hannun ƙofa za ta fita kamar kowa, na daka mata tsawa na ce ta zauna, in ta tashi motar za ta karkace. Muka saro ganyen kaba muna shimfiɗawa a gaban tayoyi. Ina durƙushe daidai ƙofarta ina tone rairayi da hannu, sai na ji tana magana a hankali ƙarƙashin mayafin, irin maganar da ake yi wa jinjiri. Na ji shi ma ya amsa, sau ɗaya. Na tashi na koma ɗaya gefen na ci gaba da tono.

Kafewar nan ta ci mana kusan rabin awa, ta kuma ci mani rai. Da muka fita na taka motar yadda ban taɓa taka ta ba. Inda ake sassautawa na wuce, inda ake zagaye rami na bi ta gefensa da taya ɗaya. Ƙauyuka suna zuwa suna wucewa, mata a bakin rijiya suna ja da baya. Injin ya yi zafi har ina jin warinsa, na ce masa ya yi haƙuri sai mun isa. Jarkokin Hajiya suna buga juna a bisa, ita da ba ta barin ko ɗigo ya zube ba ta yi magana ba, yau ba ta ce uffan ba. Mushe ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ya manta Faransanci, ya koma salati.

Sau biyu dattijon ya tambaya, bai juya ba: "Yaya shike?"

Sau biyu ta amsa: "Shina barci."

Na ji daɗi. Na ce a raina barci alama ce mai kyau, na ƙara wuta.

Mun shiga Tasawa kafin kiran la'asar. Na tsaya ƙofar asibiti ina danna oda, wani ma'aikaci ya fito da gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya buɗe ƙofa, ya ce Inna ta ɗaga mayafi. Ta ɗaga. Ya sa yatsu a wuyan mutumin, ya buɗe fatar idonsa, ya taɓa hannunsa. Sai ya dube ni ya ce, "Wanga ai ya jima da cikawa."

Aka ɗauki salati. Dattijon ya tsuguna jikin taya ya rufe fuska da rawani. Hajiya ta fashe da kuka, ita da ko sunansa ba ta sani ba. Maza suka ɗauke shi suka shiga da shi. Tsohuwar ta fito da ƙyar, ƙafafunta sun mutu saboda zama, ta dafa ƙofa har suka dawo. Ta gyara mayafi, ta karɓi ƙwaryarta, ta tafi can inuwar wani itacen bedi ta tsaya ita kaɗai. Ba ta yi kuka ba, gaban mutane ne.

Ni haushi ne ya kama ni. Na buɗe gaban mota ina zuba ruwa, tururi yana dukan fuskata, ina zagin gulbi, ina zagin babbar motar da ta tone shi, ina zagin kaina. A fili nake cewa da ban tsaya surutu a kasuwa ba, da ban kafe ba, da ya iso da ransa. Ban ji zuwanta ba, sai ganin ta na yi tsaye kusa da taya. Ba ni take kallo ba, fitilar motar take kallo.

Ta ce, "Direba, bar zagin kanka. Kwanansa ne sunka ƙare. Muna hita daga gulbi ya cika, ko garin hwarko ba mu kai ba."

Na ajiye jarkar ruwan. "Inna, kin sani?"

"Bisa ƙahwata shike. In ƙi sani?"

"Baffa ya tambaye ki har sau biyu. Mi ya hana ki hwaɗi?"



"In na hwaɗi, tsayawa za ku yi. Maza su amshe shi."

Ta juya ta koma inuwar bedin.

Daga gulbi zuwa Tasawa tafiyar awa ɗaya da rabi ce a wurina. Ranar ban cika awa ba, kuma ina tuƙin ina jin kaina, ina cewa yau za a san direba. Ashe ɗan tsakanin nan shi ne abin da ya rage mata da ɗanta, ni kuma ina ta gutsure mata shi da ƙafata. Rigimar da na yi a kasuwa ban taɓa nadamarta ba, ko gobe zan sake. Gudun ne ban yafe wa kaina ba. Da na sani, wallahi a lamba ɗaya zan kawo su, ko da sai magariba za mu shiga gari.